Tambaya da Amsa: Harhaɗa Samfurin Jiragen Ruwan Yaƙi na Roba

Assalamu alaikum Malam. Ban taɓa harhaɗa jirgi ko ɗaya ba, amma raina ya kwanta da Yamato mai ma'aunin 1/350. In fara da shi? Kuma waɗanne kayan aiki zan tanada?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka daure ka ajiye Yamato tukuna. Tsawon ainihin wannan babban jirgin yaƙin Japan mita 263 ne, don haka a ma'aunin 1/350, wato an rage tsawonsa sau 350, samfurinsa zai kai santimita 75. Amma aikin duk yana kan doronsa ne. A shekarar 1945, lokacin da aka nutsar da shi, ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama da ke kansa sun haura 100, kuma kowace sai ka yanke ta, ka goge, ka fente, ka manna. A nan ne sabon hannu yake gajiya ya rufe kwali.

Fara da ƙaramin jirgin rakiya, irin ajin Fletcher na Amurka, wanda aka ƙera guda 175 a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa kusan mita 115, wato santimita 33 a 1/350. Kamfanin Tamiya yana da shi, kuma sassansa suna shiga juna ba gardama. Duk abin da za ka tarar a babban jirgi yana cikinsa: gangar jiki, igwa, bututun hayaƙi, doguwar sanda, ƙananan kwale-kwale.

Wasu za su ce ka fara da 1/700 tunda ya fi ƙanƙanta. Ba mu goyi bayan haka ba. Ma'aunin 1/700 ya yaɗu ne tun 1971, da kamfanonin Japan huɗu, Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai suka fito da jerin jiragen da aka yanke daidai inda ruwa ke tsayawa, ba su da ƙasan ciki. Suna da daɗin ajiya, amma yawancin sassansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma hannu bai saba ba tukuna.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya mai kaifi ta yanke sassa daga firam, wato sandunan robar da sassan ke zuwa manne a jikinsu, wuƙar reza mai canjin baki, hantsaki mai tsinin da bakinsa ke haɗuwa daidai, sanfefa lamba 400 da 600 da 1000, gam ɗin roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, sufa gulu, farin gam na katako, salatif ɗin masu fenti, da tsinken sakace. Idan ka zo yanka, kada ka datse daf da jikin sashen. Bar masa milimita 1, sannan ka share ragowar da reza. Datsewa daf tana yage robar ta bar farin rami, sai ka koma cikewa.

Malam, na haɗa ɓari biyu na gangar jikin Bismarck, sai tsaga ta fito tun daga gaba har baya. Na cike da foti, na yi fenti, bayan mako guda layin ya sake bayyana. Ga shi kuma doron ya ƙi zama a mazauninsa.

Matsala biyu ce, amma tushensu ɗaya: an rufe gangar kafin a gwada ta. Bismarck, babban jirgin yaƙin Jamus, a 1/350 ya kusa santimita 72, kuma roba mai wannan tsawo takan ɗan karkace tun daga masana'anta. Kafin gam ya taɓa komai, a haɗa ɓarin biyu da salatif, a ɗora doron a ga yadda ya zauna. Idan gangar ta matse, a yanko guntayen firam ɗin da aka cire sassa daga jikinsa a tokare ciki da su, uku ko huɗu a tsawon jirgin, har faɗin ya yi daidai da doron. Idan ta buɗe da yawa, a ɗaure da robar ɗauri har gam ya kama.

Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda. Don haka ba a shafa shi sannan a haɗa. Ana haɗa sassan ne, a taɓa bakin burushin a kan layin daga ciki, shi da kansa zai bi tsagar. A yi santimita 5 zuwa 8 a lokaci guda, a matse na daƙiƙa 30 har narkakkiyar roba ta ɗan tsatso waje. Wannan tsatson shi ake so. A bar shi kwana ɗaya cur ya bushe, a kankare da bayan reza, a bi da 400, 600, 1000. Sau da yawa ko foti ba a nema.

Dalilin dawowar layinka kuwa, foti na cikin tub yana ɗauke da sinadarin da ke tashi a iska, yana bushewa yana motsewa. Ka goge shi yana da ɗanye a ciki, ya ci gaba da shanyewa a ƙarƙashin fenti. Yanzu sai ka goge layin har ka kai roba, ka zuba sufa gulu siriri a ciki, ka goge cikin awa ɗaya. Sufa gulu ba ya motsewa, amma in ya kwana ya fi robar tauri, sanfefa za ta ci gefe ta bar shi a tsaye. Kafin fenti, fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, ka haska fitila daga gefe. Duk abin da ya rage zai nuna kansa.

Wani abu kuma da ake mantawa: in a kan ƙafafun tagulla za ka kafa jirgin, huda ramuka biyu a ƙasan ciki ka manna noti daga ciki da gam mai haɗi biyu tun doron bai hau ba. Bayan an rufe, babu hanyar shiga.

Malam, shingen ƙarfen nan na gefen jirgi ya hana ni barci. Ina yankawa ya lanƙwashe ko ya yi tsalle ya ɓace, in na manna kuma gam ya yi dunƙule.

Wannan tambaya ita ta fi yawa a wasiƙun da ke zuwa mana, don haka bari mu zauna a kanta. Ganyen tagullar nan da ake yanko shingen daga jikinsa, wanda ake rubuta wa PE a kwali, irin na Eduard ko Gold Medal Models ko Pontos, kaurinsa bai wuce milimita 0.1 zuwa 0.15 ba. Shingen jirgi na gaske kusan mita 1 ne, wato milimita 3 a 1/350, milimita 1.5 a 1/700. Riƙe wannan lissafi a ka: ɗigon gam mai faɗin milimita 1 a 1/350 daidai yake da dunƙule mai santimita 35 a jirgin gaske. Shi ya sa ido ke kama shi nan take.

Lanƙwashewa daga abin da kake yanka a kai take. Tabarmar yanka mai laushi tana nutsewa a ƙarƙashin reza, ƙarfen ya bi ta. Yi amfani da tayil ko gilashi mai kauri, da reza mai lanƙwasasshen baki, lamba 10. Ba ja ake yi ba, dannawa ake yi a ɗan mirgina bakin a kan mahaɗin. Don hana tsalle, danne sashen da yatsa ko ka manna ɗan salatif mara ƙarfi a bayansa. Ɗan ƙaho da ya rage a goge shi da ƙaramin zarto mai laushi, sashen yana riƙe cikin filaya mai shafaffen baki, daf da wurin gogewar.

Kada ka yi ƙoƙarin manna shinge mai santimita 20 a jere guda. Yanka shi gunduwa-gunduwa, santimita 4 zuwa 5, kuma kowace gunduwa ta ƙare a kan ginshiƙi, ta gaba kuma ta fara da sandunan kwance da za su jingina a wannan ginshiƙin, mahaɗin ya ɓace. Auna tsawon da takarda siririya ko kamfas ɗin lissafi kafin ka yanka, kuma ka bar gibi inda tsani zai sauko da inda ake ɗaure igiya.

Kusurwa ana karya ta tsakanin reza biyu masu miƙaƙƙen baki: ɗaya ta danne daidai kan ginshiƙi, ɗaya ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga. Sau ɗaya ake karyawa. In ka mayar ka sake, a karo na biyu ko na uku zai tsinke. Zagaye kuwa, a naɗe shi jikin bakin abin huji wanda ya ɗan fi zagayen da ake so ƙanƙanta, domin ƙarfen zai ɗan saki. Za ka ji ana cewa a gasa tagulla a wuta ta yi laushi. Gaskiya ne ga ragar bakin bututun hayaƙi da farantin rada, amma kada ka gasa shinge, zai yi laushin da ko hantsaki ya taɓa shi sai ya lotsa.

Sai manni. Ɗiga farin gam na katako da tsinke a wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe, ka ɗora shingen. Farin gam yana ba ka minti biyu zuwa uku ka gyara tsayuwa, kuma in ya bushe ba a ganinsa. Da ya kama, ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa a kan murfin kwalba, ka tsoma bakin siririyar waya, ka ja ta a gindin shingen daga ɓangaren ciki. Kada bakin kwalbar gam ya taɓa zuwa kusa da jirgi. Ƙyallin da gam zai bari, fanish mara ƙyalli na ƙarshe zai kashe shi.

A fente shingen tun yana jikin ganyensa, bayan an wanke shi da sifirit an fesa masa fentin shimfiɗa na ƙarfe, sannan a bi wuraren da suka ɓare da burushi bayan manni. Kuma a yi aiki daga tsakiyar jirgi zuwa waje, daga sama zuwa ƙasa. Shingen babban doro shi ne na ƙarshe, in ba haka ba hannunka zai murƙushe shi kana ƙoƙarin kai wa ga ɗakin kwamanda.

Ranka ya daɗe, fentina yana fitowa da kaushi kamar an watsa yashi. Sannan wane ruwan toka ne daidai? Na ga kowane kwali da lambarsa.

Kaushi alama ce fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka. Abu uku ke jawo shi: fenti ya yi kauri, iskar kwamfuresa ta yi ƙarfi, ko hannu ya yi nisa. Ga fentin akirilik irin na Tamiya, haɗa kashi ɗaya na fenti da kashi ɗaya zuwa biyu na tinarsa, ƙarfin iska psi 15 zuwa 18 a ma'aunin kwamfuresa, tazara santimita 8 zuwa 10, bakin na'urar feshi mai milimita 0.3. In ɗakin da zafi da bushewa, ƙara ɗigo ɗaya ko biyu na sinadarin jinkirta bushewa. Lungunan da ke tsakanin doro da bango sun fi yin kaushi saboda iska na juyawa a wurin, shi ya sa ake fente benaye da bututu da ɗakunan igwa daban-daban kafin a ɗora su. Wanda ya riga ya yi kaushi, a bar shi kwana biyu, a shafe da jiƙaƙƙiyar sanfefa 1500, a sake feshi siriri.

A gangar jiki, fara da baƙar ɗamarar da ke daidai bakin ruwa. Fesa baƙi a yankin, bar shi awa 24, rufe da salatif mai faɗin da takardar kwali ta nuna, sannan ka fesa jan fenti a ƙasa, toka a sama. Hakan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman jera salatif biyu su tafi daidai. Danne bakin salatif da tsinke, kuma in za ka cire, ja shi baya a kwance. Lura, jiragen Japan na wancan yaƙi galibi ba su da wannan ɗamara, ja ne kawai ke haɗuwa da toka.

Batun launi, ka fara tsayar da shekara da wata, domin jirgi ɗaya ya sha canza riga. Missouri ta Amurka ta fito a 1944 da zane mai faci-faci na ruɗar abokan gaba. Ranar 2 ga Satumba 1945 da Japan ta sa hannun miƙa wuya a kanta kuwa, tsarin da Amurkawa ke kira Measure 22 take ɗauke da shi: shuɗi mai duhu 5-N a gangar jiki, toka mai haske 5-H daga nan zuwa sama. Bismarck yana da ratsin baƙi da fari a tekun Baltik, amma an shafe na jikinsa da toka a gaɓar Nowe a watan Mayun 1941, kwanaki kaɗan kafin a nutsar da shi ranar 27 ga watan. Yamato ma haka: a farko yana da ɗakuna huɗu na igwa mai santimita 15.5, a 1944 aka cire biyu na gefe aka maye gurbinsu da bindigogin kakkaɓo jirage. Wanda ya haɗa kayan 1945 da igwogin 1941 ya gina jirgin da ba a taɓa yi ba.

Japan kuwa kowace ma'aikatar sojan ruwa da nata toka. Na Kure, inda aka ƙera Yamato, ya fi haske, shi ne XF-75 a lambobin fentin Tamiya. Na Sasebo ya fi duhu, XF-77. Jan ƙasan ciki XF-9, doron katako XF-78, ledar daɓe mai ruwan ƙasa ta matsakaita da ƙananan jiragensu XF-79. Sai dai kada ka ɗauki lamba da zafi. Launi a ƙaramin abu ya fi nuna duhu, don haka da yawa sukan ƙara fari kashi 10 cikin 100, musamman a 1/700, kuma mun ga hakan ya fi kyau a ido.

Malam, doron katako mai gam a baya da ake sayarwa, ya cancanci wahala?

A 1/200 da 1/350, in kana so. A 1/700 zanen itacen ya yi girma, kuma kaurinsa na kusan milimita 0.2 yana haɗiye ƙananan abubuwan da ke kan doro. Gam ɗinsa ba abin dogaro ba ne, danshi na sa shi kumbura. Gwada shi kafin ka ɓare takardar, faɗaɗa ramukan da suka matse, shafa farin gam siriri a ƙasa, danne daga tsakiya zuwa gefe, ka rufe da fanish. Fenti mai kyau da aka bi allunansa da launi biyu ko uku masu kusanci ba ya kasa shi.

Na ɗaura wayoyin sama da zaren ɗinki, sai suka yi gashi-gashi, doguwar sandar ma ta sunkuya baya.

Zaren ɗinki ba shi da gurbi a nan, ɗan'uwa. Igiyar ƙarfe mai kaurin milimita 25 a jirgin gaske tana zama milimita 0.07 a 1/350, kusan kaurin gashin kai, a 1/700 kuma rabin haka. Abin da ake amfani da shi uku ne. Akwai zare mai talewa irin EZ Line ko na Uschi van der Rosten, wanda ke yafe kuskure domin in hannu ya taɓa shi ba ya tsinkewa. Akwai zaren kamun kifi na nailan mai 0.06. Akwai kuma wanda kake yi da kanka: riƙe guntun firam santimita 3 sama da harshen kyandir kana juyawa, in ya yi laushi ya fara saki ka janye daga wuta ka ja hannu biyu a hankali ba tsayawa. Saurin ja shi ke sa siranta.

Sunkuyawar sanda kuwa, roba ce mai kaurin da bai kai milimita 1 ba, ka ɗaure ta da zare shida duk suna ja gefe guda. Maye ta da sandar tagulla, milimita 0.8 ga jiki da 0.4 ga gicciye a 1/350, a haɗa da dalma ko sufa gulu, ta robar ta zama abin aunawa. Zare mai talewa a ja shi kaɗan kawai, iyakar ya miƙe. Ɗaura hagu, ɗaura dama, gaba sannan baya, ja ya daidaita. Taɓa sufa gulu a mazaunin, tsoma bakin zaren a ruwan hanzarta kamu, haɗa su, ƙirga biyar. Nailan ko zaren firam da ya yi sako-sako, kusanto masa da kan ashanar da aka hure yanzu daga ƙasa, zai miƙe da kansa. In ka matsa da yawa zai tsinke.

Ba dole ba ne ka sa kowace waya da ke cikin zane. Wayoyin rediyo tsakanin sanduna biyu, igiyoyin tuta, da masu riƙe bututun hayaƙi sun wadatar.

Na zuba baƙin ruwan fito da lunguna, sai ƙananan bindigogi suka karye da kansu, jirgin kuma ya yi dauɗa kamar an tono shi.

Wannan ruwa fentin inamel ne da aka sirka da tina, kuma tinar inamel tana cin roba, musamman inda aka matsa sashe da ƙarfi ko inda gam ya riga ya raunana shi. Ka zuba ta da yawa ta taru a gindin bindigogin. Kafin wannan mataki, a rufe jirgin da fanish mai ƙyalli na akirilik, a bar shi kwana ɗaya. Haɗin kashi ɗaya na fenti ne da goma na tina, kuma toka mai duhu ko ruwan ƙasa ya fi baƙi wuluk. Taɓa bakin siririn burushi a lungu, ruwan ya bi da kansa. Bayan minti 15 share abin da ya fita da auduga mai ɗan danshi, daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke gangarowa.

Tsatsa a sa ta inda take fitowa: ƙarƙashin anka, bakin magudanan ruwa, gefen da kwale-kwale ke gogawa. Ɗigon fentin mai da bai kai kan allura ba, a ja shi ƙasa da burushi. Dubi hoton jirgin kafin ka fara. Ƙananan jiragen rakiya da suka yi ta kai-kawo a Atilantika sun ci tsatsa sosai, amma manyan jirage masu ɗauke da kwamandoji suna da ɗaruruwan matuƙa da aikinsu kullum kankara da fenti ne.

Malam, ɗana mai shekara 11 ya nace sai na saya masa irin wannan. Babu haɗari?

Hajiya, zai iya, in babba na kusa. Ki nema masa wanda ba shi da ganyen tagulla, mai sassa ƙasa da 100. Yanka da filaya, reza a hannun babba. Fenti mai narkewa da ruwa da burushi sun ishe shi, kuma a buɗe taga duk lokacin da gam ke buɗe. Sufa gulu a ɗage masa tukuna. In ya manne yatsu kada a fizge, a jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu a murza a hankali. In ya shiga ido, a wanke da ruwa a tafi asibiti ba tare da an tilasta buɗe idon ba. Ƙananan sassa a ajiye su cikin roba mai murfi saboda ƙannensa. In ya gama, a sama wa jirgin akwatin gilashi ko na roba mai haske wanda ya fi shi tsawo da santimita 5 ta kowane gefe, domin ƙurar da ta shiga tsakanin bindigogi da wayoyi sai da burushi mai laushi ake fitar da ita, kuma kowace shara sai an karya wani abu.